Injin Hilux ɗina ya gaji, in sake masa ringi ko in ɗaura Beljiyam?

Ɗan Dawanau:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah kanikawan gidan nan da masu harkar mota shawara nake nema, wlh kaina ya ɗaure.

Ina da a-kori-kura Hilux ƙirar 2008 mai shan fetur, injin 2TR, gwanjon wani kamfani ce na saya shekarun baya. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye, Gujungu, Maigatari, wani lokacin har Ɗandume in kawo Dawanau, da ita nake ci da iyali, babu wata sana'ar. To tun bayan babbar sallah ta fara shan baƙin mai kamar me, in naje Gujungu na dawo sai na ƙara kusan lita guda, da safe in na tayar da ita hayaƙi shuɗi take fitarwa har maƙwabta sun fara magana, kuma in na ɗora kaya ba ta ja kamar da, wurin da nake wucewa da giya huɗu yanzu sai na dawo uku ko biyu tana gurnani. Bara ta taɓa yin ofahitin a hanya gaskit ya ƙone, aka sauke top, wato kan injin, aka goge aka sa sabon gaskit. Kafin nan kuma an taɓa yi mata ringi sau ɗaya wajen shekara uku da suka wuce. Kilomita kam kar ku tambaye ni, agogon ya daɗe da tsayawa.

Bakanikena yace in kawo kuɗin ringi da metal (beyarin karanshaf) da gaskit cikin kwana uku zai miƙo min makulli. Yayana kuma yace ɓarnar kuɗi ce, injin da aka taɓa buɗewa sau biyu ba ya sake zama mutum, in rufe ido in ɗaura Beljiyam kawai, wato gwanjon inji na ƙasar waje, in huta. Na je kasuwa na tambaya, kuɗin da aka faɗa min ya kusa ninka na gyaran sau uku, sai da na nemi wuri na zauna. In zan saya sai na saida wani abu ko in ci bashi. Ga kaka ta kusa, kuma duk wanda ke harkar nan ya san wata biyu zuwa uku na kaka su ne shekarar gaba ɗaya, in motar ta kwanta a lokacin shikenan.

Bodi da giyabos da aksul duk lafiya lau suke, shasi bai taɓa karyewa ba. To ya kuka gani, in gyara ko in canja? Allah ya saka da alheri.

Autan Mama:

hhhh oga dan dawanau gaya mana gsky buhu nawa kake dora mata tukunna, don nasan ku mutanen dawanau sai kun ga taya ta kwanta kasa kuke cewa ya isa. Allah ya rufa asiri dai

Ɗan Dawanau:

Kai Auta ka cika tsiya. Sha biyar ne, in kasuwa ta yi kyau sha takwas. Kowa haka yake yi ai.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam Malam. Sha takwas na masara tan ɗaya da kilo ɗari takwas kenan a kan motar da aka ƙera don ɗaukar wajen tan guda, amma bari mu ajiye wannan tukunna.

Maganar gaskiya da bakanikenka da yayanka duk sun yi gaggawa, don babu wanda ya auna komai a cikinsu. Ba a yanke wa inji hukunci da kunne ko da launin hayaƙi kawai. 2TR buloƙinsa ƙarfen zubi ne, top ɗin ne alminiyam, kuma irin wannan buloƙi ana iya yi masa borin, wato a ɗan faɗaɗa ramin silinda, a sa fistin oba sayiz mai ɗan girma ya dawo ya yi maka shekaru, saboda haka zancen wai injin da aka buɗe ba ya komawa daidai ba haka bane. Abin da ya sa mutane suka yarda da zancen shi ne yadda ake ringin a yawancin garejinmu: a zare fistin, a wanke da fetur, a ɗan goga takardar yashi a cikin silinda, a zura sabon ringi a rufe. To silindar da ta ci ƙura shekara da shekaru ai ba zagayayya bace kuma, sama ta fi ƙasa faɗi, ta ɗan yi ƙwai, sabon ringi kuwa zagayayye ne cif, ta ina zai kama? Wata uku huɗu sai hayaƙi ya dawo, mai mota ya ce gyara ba ya yi. Ina kyautata zaton irin wanda aka yi maka kenan a karon farko.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a samo agogon auna kwamfireshan, a cire fulogi huɗun duka, inji da ɗuminsa, a taka totur har ƙasa a auna kowace silinda a rubuta. Lafiyayyen 2TR yana ba da wajen 178 a ma'aunin psi, in ya yi ƙasa da 128 ya faɗi, kuma bai kamata tazarar da ke tsakanin silinda da silinda ta yi yawa ba. Wadda ta ba da ƙasa sai a ɗiga mata baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. In lambar ta tashi sosai to ringi ne da bangon silinda. In ta tsaya inda take to bawul ne ko gaskit, aikin sama ne kawai, ba sai an sauke inji ba ma. Hayaƙin nan na safe da kake faɗa, in yana yi ne da an tayar sannan ya ɗauke bayan minti biyu, sau da yawa robobin bawul ne suka bushe mai yana tsiyaya cikin dare, kuma injin da ya taɓa yin ofahitin dama robobin nan su suke fara ƙonewa. Amma tunda kace ƙarfi ma ya ragu ina zargin abin ya wuce nan.

Sai ka buɗe murfin zuba mai inji yana aiki, ka ɗora tafin hannunka a bakin. In iska tana bugo hannunka fuf fuf fuf da hayaƙi, wuta tana wucewa ta gefen ringi kenan. Ka duba ƙasan murfin kuma, in ka ga abu fari-fari mai kauri ruwa na haɗuwa da mai. Ka buɗe lagireto da safe kafin ta yi zafi, ka tayar ka zuba ido, in kumfa tana tasowa ba tsayawa to gaskit ko top ya tsage.

Abu mafi muhimmanci da baka faɗa ba: fitilar mai tana ƙyaftawa in inji ya yi zafi yana silo? Kuma kana jin ƙwanƙwasa daga ƙasa, ƙwas ƙwas mai nauyi in ka taka? In babu ko ɗaya to karanshaf ɗinka da sauransa, kuma yana cikin kaya mafi tsada a injin.

Ni a wurina hukuncin a wajen masu borin yake. In an sauke, ka ɗauki buloƙi da karanshaf da top da kanka ka kai musu, kar ka aika yaro, su sa maikuromita a gabanka. In buloƙi yana sitanda, wato ba a taɓa yi masa borin ba, ko zai ɗauki ƙaramin borin na 020, karanshaf bai wuce ƙaramin yankan 010 ba, top bai tsage ba kuma ba a goge shi har ya sirance ba, ka gyara abinka, ka san abin da ke ciki. In kuwa buloƙi ya tsage, ko an riga an yi borin har ƙarshe sai dai silif, wato a zura sabon bango a cikin silinda, ko karanshaf ya yi shuɗi don zafi, ko top ɗin ya tafi, to in ka haɗa kuɗin waɗannan zaka ga ka kamo kuɗin wani injin, a nan ne maganar yayanka take da hujja.

Kuma dan Allah wata tambaya, tamostat tana ciki ko an cire? Ruwan me kake zubawa a lagireto?

Mai Shago a Ƙofar Ruwa:

Salam. Ni inji nake saidawa saboda haka duk abin da zan faɗa ku ɗauka da wannan a ranku, amma zan faɗi abin da na sani tsakani da Allah.

Alhaji abin da Baba Bakanike ya faɗa haka yake, sai dai akwai abin da bai saka a lissafi ba, wato kaya. Gyara yana yi ne in kayan da aka sa na ƙwarai ne, kuma yau a kasuwa kwali ɗaya ne, tambari ɗaya, amma ringi kala uku ne a ciki, sai wanda ya san hannu. Da yawa waɗanda suke zuwa wurinmu neman inji sun riga sun kashe kuɗin gyara sau biyu da kayan bogi, da tun farko suka zo da sun huta. In zaka gyara ka sayi fistin da ringi da metal da cikakken gaskit a wurin wanda ka yarda dashi, wanda zaka iya komawa ka kama rigarsa, kuma in ka ji farashi ya yi araha da yawa ka gudu. In ka sa kayan asali har da sarƙar taimin da famfon mai da kuɗin borin da na bakanike, ratar da ke tsakanin gyara da canji zata ragu, ba zata kai ninki ukun da kake gani yanzu ba, don bakanikenka ringi da metal da gaskit kawai ya lissafa maka.

Maganar tsada kuma ba laifinmu bane wlh. Da dala ake sayo kayan nan, kafin Yunin 2023 dala a banki ba ta kai 500 ba, a 2024 ta haura 1,500, ga kuɗin kwastan ga kuɗin mota daga Legas. Mu ma ciniki ya ragu sosai, mutane sun koma gyara.

In ka yanke shawarar saye ga abin da zaka lura dashi. Hilux ɗin Turai kusan duk dizal ne, saboda haka 2TR da muke saidawa yawanci daga Dubai yake zuwa da kasuwar Sharja da ke kusa da ita, ko daga Japan, kuma da yawa daga jikin Hiace ko Prado aka ciro. Zuciyar injin ɗaya ce amma kayan jiki sukan bambanta, kaskon mai, manifol, kujerun inji, sai an ɗebo na tsohon naka an mayar, don haka kar ka yarda ka bada tsohon injinka a musaya kafin a gama ɗaurawa. Sannan daga wajen 2015 an fito da wani sabon 2TR mai VVT-i biyu, kar a baka shi ace ai ya fi sabunta, birenbos ɗinka, wato kwamfutar motar, da wayarin ɗinka ba nasa bane, wahala zaka sha.

Na Dubai ya sha zafi da yashi kamar namu, wasu sun yi tafiyar da ta fi ta naka, babu mai iya gaya maka kilomitarsa, duk wanda ya faɗa maka lamba ƙirƙira ya yi. Sayen inji kamar sayen kankana ne, sai an yanka. Amma akwai alamu. Ka je da bakanikenka, ku buɗe murfin sama ku ga launin ciki, in ruwan zuma ne to an kula da mai, in baƙin kwalta ne ya daskare ku wuce. Ku cire fulogi ku duba bakinsu. Ku juya fuli da sifana ku ji ko kowace silinda tana turjewa. Ku leƙa ramin salansa na jikin top, in da jiƙar mai ku bari. Ku duba kan notuna, in sifana ta taɓa cinsu ko ka ga gam ja ko baƙi ya fito ta gefen gaskit, an taɓa buɗe shi. Wanda aka wanke tas yana ƙyalli ko aka fesa masa fenti ni tsoronsa nake ji ya fi mai datti, don akwai masu ɗaukar injin da ya gama aiki a nan gida su wanke su jera shi cikin na waje.

Garanti kuma ka sa a rubuta a rasit, kwana nawa ne, daga ranar saye ko daga ranar da aka tayar, don kwanakin kaɗan ne kuma wasu kafin bakanike ya gama ɗaurawa sun ƙare. A rubuta lambar injin a rasit ɗin, ka je ofishin lasin a gyara maka takardu, in ba haka ba duk shingen da aka buɗe bonet aka ga lamba ta saɓa ranar ka shiga uku.

Ɗan Maraɗi:

Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Ni shawarata daban ta ke. Tunda dai aikin kaya kaka yi, mi zai hana ka hidda wannan na isansi (fetur) gaba ɗai ka aza injin 5L na gazuwal (dizal)? Lita ukku ne, babu kwamfuta mai yawa garai, kowane makanisiye na ƙauye ya san shi, ga ja ga haƙuri. Nan wajenmu tsohhin Hilux masu 2L da 3L da 5L har yau suna bisa hanya suna ɗaukar kaya da mutane ranar kasuwa, wasu sun girmi direbobinsu. Abin da ya ke so guda biyu ne, kak ka bari shi yi zahi don kansa na tsagewa, kuma ka canza bel ɗin taimin kan lokaci don in ya tsinke bawul da histin na gamuwa. In ka kiyaye wannan da bidanji, wato canjin mai, sai ka gaji da shi.

Amma hwa in ka tsaya kan na isansin ban ce mugun inji ba ne, Hilux ɗin da ke hita Agadas su keta Sahara zuwa Dirku ai da yawa masu isansi ne, kuma wurin da mota in ta mutu mutum ma na iya mutuwa ba a kai inji maras amana. Allah shi zaɓa ma abin da ya hi alheri.

Injiniya Kaduna:

Ɗan Maraɗi na gaishe ka, amma gsky ban goyi bayan wannan ba. Canja mota daga fetur zuwa dizal ba inji kaɗai bane, sai ka taɓa kan giyabos da kulochi, kujerun inji, tanki da layin mai, wayarin, salansa, wani lokacin har lagireto, kuma agogunan dashbod wasu su daina aiki. Na ga wanda ya yi, motar ta fi wata biyu a gareji kullum ana neman wani ƙaramin abu a Panteka. Mutumin nan yace kaka ta kusa. Sannan dizal a nan ba shi da tallafi tun da daɗewa, ba kamar yadda kuke gani a can ba, lissafin sai an zauna an yi shi da biro. Kuma 5L ba shi da tabo (turbo), a kan kwalta da kaya zai ja amma ba gudu, wanda ya saba da 2TR zai ji kamar an ɗaure masa ƙafa.

Wani zai zo yace a mayar da ita gas tunda tun cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowa maganar CNG yake. Wannan sai inji ya samu lafiya tukunna, ba a sa gas a injin da kwamfireshan ɗinsa ya faɗi, kuma tukunyar tana cin wurin buhu biyu uku a baya, ga gidajen gas ɗin ba ko'ina ake samunsu ba.

Ni abin da zan ƙara a kan maganar Baba shi ne lokaci. Gyara na gaskiya da borin da komai ba aikin kwana uku bane, ka sa sati biyu a ranka, sannan bayan an gama sai ka lallaɓa ta kafin ta ɗauki cikakken kaya. Ɗaura wani injin in an dace kwana biyu uku ka hau hanya da lodi. In saura sati biyu a fara kaka wannan kaɗai zai iya sa in ce ka saya. In da sauran wata guda da ɗoriya to gyara ya fi.

Maman Ikram:

Ni ba bakanikiya bace amma maigidana harkar da yake yi kenan kuma ni nake riƙe masa littafi. Ya taɓa sayen inji a wata kasuwa da sunan Beljiyam, sati uku ya buga, mai shagon yace garanti ya wuce, tsohon injin kuma an riga an bayar a musaya an cika kuɗi, muka tashi babu tsuntsu babu tarko, bashin sai da ya kai mu wata kakar. Malam in zaka ci bashi ka sayi abin da baka ga cikinsa ba ka yi tunani sosai. Kuma ko wanne ka zaɓa kar ka kashe kuɗinka kaf a kan injin, ka rage na taya da na mai da na abin da zai taso, don in aka sauke inji sai an ga kulochi ya cinye, sai an ga kujera ta fashe, ba a taɓa tsayawa a lissafin farko.

Ɗan Dawanau:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, Hajiya Allah ya mayar da alheri. Baba na bi maganarku, bakanikena ba shi da agogon sai da muka aro a wani gareji, da farko ma har ya ɗan ji haushi wai ban yarda dashi ba. Ga abin da ya fito: ta ɗaya 150, ta biyu 145, ta uku 105, ta huɗu 140. Da muka ɗiga mai a ta ukun sai ta haura 140. Murfin mai kuwa yana busa hannu sosai. Fitilar mai ba ta kamawa ko ta yi zafi, ƙwanƙwasa babu, kumfa a lagireto babu.

Jiya muka sauke muka kai wajen masu borin. Silinda ta uku da idona na ga layi-layi daga sama har ƙasa, in ka ja farce yana maƙalewa, ringinta na sama ya karye gida biyu. Mutumin ya auna yace buloƙin sitanda ne ba a taɓa yi masa borin ba, 020 zai share layin tas. Karanshaf yace ko yanka ba ya so, gogewa kawai. Top ɗin zasu gwada shi da ruwa gobe amma yace a ido bai ga tsaga ba.

Tamostat kuma Baba babu ita, tun lokacin ofahitin ɗin bara aka cire wai ƙasarmu da zafi ba a buƙatarta. Ruwa kuma na rijiya ne ko fiya wata, duk wanda na samu. Da aka cire tiyon iya kilina mun tarar ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, cikinsa ƙura jawur.

Injiniya masara sai nan da wajen sati biyar zata fara fitowa sosai a wajenmu, ina ga lokaci zai isa. Na karkata ga gyaran in top ya fita lafiya. Yayana dai har yanzu bai gamsu ba.

Tsohon Bakanike:

To Alhamdulillah, ka ga mai laifin ai, tiyon nan. Ta nan ƙurar hanyar Gujungu take shiga kai tsaye ba ta bi ta filta ba, ita ta cinye maka silinda, kuma da ka ɗaura Beljiyam da wannan tiyon da shi ma haka zata cinye shi kafin baɗi. Ka gyara abinka Malam, buloƙi sitanda da lafiyayyen karanshaf ba a yar da su.

Ka sayi fistin ɗin tukunna ka kai wa mai borin, da su zai auna ya yanka, kar ya yanka sannan a je neman fistin. Duka huɗun za a yi ba ta ukun kaɗai ba. Tunda an buɗe a canja robobin bawul a wasa bawul ɗin, a duba sarƙar taimin da tanshina da robobin da take bi, a buɗe famfon mai a gani, a wanke hanyoyin mai na cikin buloƙi da iska bayan borin don garin ƙarfe yana maƙalewa a ciki ya je ya cinye sabon metal. Notunan top da tok renci ake ɗaure su bi da bi yadda littafi ya ce, in ka ga bakanikenka ya ɗauko dogon bututu ya zura a sifana ka riƙe hannunsa. Kulochi ma ku duba tunda inji yana ƙasa kamar yadda Hajiya ta faɗa.

Lagireto a kai a buɗe a zuge ko a canja in ya toshe da yawa, ruwan rijiya gishirinsa ke toshe shi. Sabon murfin lagireto, sabuwar tamostat ka mayar, ka duba famfon ruwa da kulochin fanka, ka zuba kulant. Sabon tiyo da sabuwar filtar iska, kuma a daina busa tsohuwa da iskar falkanaiza har ta huje.

In an tayar kar ka yarda a bar ta tana silo dare guda wai ana ronin don sabbin kaya su zauna, ringi ba ya zama a haka. Ka hau titi ka yi ta tafiya ba kaya ko da ɗan kaya kaɗan, kana canja gudu, ba ka matsa mata ba kuma ba ka barin ta tana nishi a babbar giya. Wajen kilomita 1,000 ka zubar da man ka canja filta, kuma man galan mai hatimi ba na jarka a bakin titi ba. Tunda agogonka ya mutu ka gyara shi a wannan zaman, in ba haka ba da me zaka ƙirga. Bayan nan sai ka fara da buhu takwas zuwa goma.

Autan Mama:

buhu goma? Baba ai wlh ranar farko sha takwas zai dora, ku rubuta ku ajiye

Mai Shago a Ƙofar Ruwa:

Alhaji na rasa ciniki amma ba komai. In top ɗin ya faɗi a gwajin gobe kar ka tsorata ka koma maganar cikakken inji, ana samun top shi kaɗai, ka zo da naka a hannu mu gwada ramuka da wurin sensa kafin ka biya.